Awo da Cefane a Ƙasar Mafara

Lissafin abinci wata-wata baƙo ne a ƙasar Mafara. Albashi ya zo da shi, masu albashi kuwa ba su taɓa yin yawa a nan ba: malaman makaranta, ma'aikatan ƙaramar hukuma da na asibiti, 'yan sanda, sai kuma ma'aikatan kwalejin Abdu Gusau da na hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima masu kula da madatsar Bakolori. Sauran jama'a, daga Garbadu zuwa Morai, daga Rini ta Bakura zuwa Kaya ta Maradun, da shekara suke lissafi. A da, in ka tambayi magidanci yadda kaka ta yi da shi, ba ka jin zancen naira a bakinsa. Cewa zai yi ya ɗaure dami kaza na gero da kaza na dawa, in Allah ya yarda za su kai shi saukar ruwa, ko kuma su haɗa shi da sabon hatsi. Wanda hatsinsa ke haɗa shi da sabo shi ne mawadaci, ko da rigarsa ɗaya.

Rumbu yana da ƙa'idarsa, ba a shigarsa da garaje. Dattawa da yawa sukan liƙe bakinsa da laka da zarar an gama tattara amfani. Samarin gandu su tafi cin rani Gusau ko Sakkwato ko Kurmi, bakunan da ke ci su ragu, waɗanda suka saura a gida su riƙa lallaɓawa da hatsin gayauna da ɗan abin da sana'ar rani ta kawo. Sai ruwa ya sauka an shiga noma, lokacin da jiki ke neman tuwo mai nauyi kuma hatsi ya yi tsada a kasuwa, sannan a fasa babban rumbu. A jingina tsani, yaro ya zura ciki yana miƙo dami, maigida na tsaye yana ƙirgawa. Daga nan aiki ya koma hannun mata: sussuka, shiƙa, surfe, daka, tankaɗe. Uwargida ta san kwana nawa dami ɗaya ke yi wa gidanta, kuma in ya ƙare kafin lokacinsa ita za a tambaya.

Abin da ake kira cefane a lokacin bai wuce kayan miya ba, su ma ba duka ba. Kuka tana bayan gari, kuɓewa an yanka an shanya tun damina, yakuwa da barkono suna bayan ɗaki, daddawa akwai tsohuwar da ke yin ta a kowace shiyya, man gyaɗa matan gida ke matsewa su sayar da ƙuli-ƙuli. Nono kuwa 'yan matan Fulani ke shigowa da shi har tsakar gida, a zuba musu hatsi su zuba nono, ko kwabo bai gilma ba. Kuɗi na gishiri ne da kanwa da manja da kananzir, sai tsokar nama ranar kasuwa.

Ba na cikin masu mai da zamanin can aljanna. Yunwa ta san hanyar ƙasar Hausa tun kafin a haifi iyayenmu. A wasu sassa har yau ana kiran yunwar 1942 da sunan 'Yar Gusau, saboda nan Zamfara mutane suka yo tururuwa neman hatsi. An ga farin 1973, an ga na 1984. Ko a shekarar da ruwa ya yi kyau akwai gidajen da bazara ke tona wa asiri, su ci bashin dami ɗaya su biya biyu da kaka. Sai dai ko a shekarar wahala, magidanci yana hango wahalar daga nesa. Tun da kaka ya san rumbunsa ba zai kai ba, yana da wata huɗu ko biyar na neman mafita: ya sayar da akuya, ya tura ɗa cin rani, ya shiga ƙwadago a gonar wani. Wannan hangen shi ne abin da na ga ya fi komai raguwa a 'yan shekarun nan, fiye ma da nama a miya.

Aikin Bakolori ne ya fara koya wa manoman yankin da yawa yin awo da kuɗi alhali suna da gonaki. An fara gina madatsar a kan kogin Sakkwato a 1974, kamfanin Impresit na Italiya ya kammala ta a 1978, da nufin shayar da hekta 23,000. Ruwa ya ci garuruwa da gonaki a ɓangaren Maradun. A ƙasa kuma aka karɓe filaye ana baje su ana yanka magudanai, damina ta zo ta wuce mutane ba su shuka ba, diyya ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980, Shagari na shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa na gwamnan tsohuwar jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kusa. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Can ƙasa da madatsar kuma, fadamun da ambaliyar shekara-shekara ke shayarwa suka rage samun ruwa, masu shinkafa da yawa suka koma gero da dawa.

Bayan ƙura ta lafa, madatsar ta kawo nata alherin, ko da yake bai kai abin da aka yi alkawari ba. Bututun feshin da aka kashe dukiya a kansu sun mutu saboda rashin wuta da rashin gyara, aka saura da ɓangaren da ruwa ke gangarawa da kansa, wanda shirin TRIMING na Bankin Duniya ya zo ya gyara daga baya. Duk da haka noman rani ya zauna da gindinsa. Shinkafa, wadda a gidaje da yawa sai da salla ko biki ake ganin ta, ta zama abincin rana. Tumatir da albasa da tattasai da dankali suka wadata. Manomi ya fara ganin kuɗi sau biyu a shekara, ya kuma fara sayen taki da mai da maganin feshi, wato ya shiga lissafin naira da ƙafarsa.

Da aka ƙirƙiro jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba 1996, ma'aikata suka ƙaru. Abin lura, uku daga cikin gwamnonin farar hula na jihar 'yan wannan kusurwa ne: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Mai karatu ya yi wa kansa hukunci kan abin da hakan ya ƙara a tukunyar talaka. Abin da na sani shi ne ma'aikacin Mafara na shekarun 2000 bai taɓa dogara da albashi kaɗai ba. Yana da gona a ƙauyensu, ko shi ya noma ko ƙanensa ya noma masa. Da kaka buhuna su iso a bayan a-kori-kura, a jibge su a ɗakin ajiya. In nomansa bai kai ba, ya ci adashi a watan Nuwamba ya sayi buhu uku ko huɗu lokacin da hatsi ke arha. Don haka lissafinsa na ƙarshen wata gajere ne: shinkafa, taliya, galan ɗin manja, magi, sukari, sabulu, kuɗin niƙa, itace. Lokacin da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya zama naira 18,000 a 2011, buhun shinkafa mai kilo 50 bai wuce kimanin rabin wannan kuɗi ba.

Mutanen birni suna da wani zato cewa komai arha ne a ƙaramin gari. Hatsi da kayan gwari, i, musamman a lokacinsu. Amma duk abin da ya fito daga masana'anta, sukari ne ko fulawa ko taliya ko madara, yawanci daga kasuwar Singa ta Kano yake tasowa, ya biyo ta Funtuwa da Gusau, kowane dillali da kowane shingen hanya ya ɗora nasa kafin ya iso shagon unguwa. Hatsin yankin kuma motoci ke kwasa zuwa Dawanau da Sakkwato da Illela. Ɗan ƙaramin gari yana sayar da nasa a farashin bakin gona, ya sayi na wasu a farashin ƙarshen hanya. Gonar gida ce take rufe wannan giɓi.

Ranar Talata, wadda garin Talatar Mafara ya ci sunanta, ita ce ke yanke wa mako farashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin 'yan hatsi ya san yadda ake awo. Ma'auni ya naɗe bakin buhu, ya nutsa tiya, ya ɗago ta cike, ya kare gefenta da tafin hannu ya ƙara tulawa har hatsi ya yi tudu yana zubowa, sannan ya juye a buhun mai saye yana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji. In an gama, ya ɗebi tafi ɗaya ko biyu ya watsa a kai, gyara ke nan. Tiya arba'in ake lissafa wa buhu. Gidan da ke cin tiya biyu a yini, buhu zai yi masa kwana ashirin, kuma kowace mace mai girki ta haddace wannan lissafi ba tare da alƙalami ba. Yanzu hannun da ke kare gefen tiya ya janye, tudun ya kwanta, gyara kuwa sai ka roƙa, wani lokaci ka roƙa a yi maka dariya. Ban ga laifin ma'aunin ba sosai. Shi ma a ƙirge aka ba shi.

Sai ɓarayin daji suka zo. Abin ya faro da satar shanu a farkon shekarun 2010, ya rikiɗe ya zama kisa da ɗaukar mutane don kuɗin fansa, da ramuwar gayya tsakanin maƙwabtan da a da suke musayar hatsi da nono. An yi ta rubutu kan rayukan da aka rasa, kuma ya dace a yi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda bala'in ya shiga madafa. Gonakin nesa, su ne manya, su aka fara bari. A ƙauyuka da dama sai an haɗa kuɗi an kai daji kafin a yi shuka, a sake haɗawa kafin a yi girbi. Rumbun da aka tara na shekara, ko a ƙone shi a dare ɗaya, ko mai shi ya fasa shi da hannunsa ya sayar don ya fanso ɗansa. Shanun huɗa sun tafi, tumaki da awakin da mace ke ajiyewa don ranar tsanani sun tafi. Har ajiyar hatsi da yawa ta zama abin tsoro, domin wanda aka ga rumbunsa cike an san gidan da za a nufa.

Ga ma'aikacin cikin gari, lamarin ya juye gaba ɗaya. Ƙanen da ke aiko masa da buhuna da kaka, yau shi ne a zaurensa da mata da 'ya'ya. Buhu ya daina zuwa, bakuna sun ninka. Ba wanda ke korar ɗan'uwansa, ba a ma zancen. Ana ƙara ruwa a miya ne a rage girman malmala.

Shekarar 2021 ta fi tsayawa a rai. A watan Fabrairu aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, 279 suka dawo. A Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai fiye da saba'in a makarantar Kaya. Gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da mai a jarka da safarar dabbobi da ɗauko itace da mota daga daji, aka kuma katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Manufar ita ce a toshe wa ɓarayi hanyar abinci da mai. Ko ta toshe ko ba ta toshe ba, ta toshe wa talaka tasa. Ba kasuwar da manomi zai kai tiya biyar ya sayo manja. Ɗan da ke Legas ko Abuja yana aiko wa tsohuwarsa kuɗin awo ba shi da hanyar aikowa, ba shi ma da hanyar jin ko ta ci. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa Sakkwato ko Funtuwa don kiran waya da cirar kuɗi, kuɗin motar kuma daga cikin na abincin ake cire shi.

Ba a gama farfaɗowa ba 2023 ta shigo da nata. Canjin takardun naira ya sa a watannin farko na shekarar mutum na da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen kuka, mai kuka kuwa ba ta san taransifa ba. Masu POS suka riƙa sayar wa mutane kuɗinsu. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Aka saki naira, dalar da hukuma ke sayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari. Buhun shinkafa ya wuce naira 70,000, a daidai lokacin da Zamfara ke shirin fara biyan mafi ƙarancin albashi na 30,000, wanda aka sa wa hannu tun 2019. A Yulin wannan shekarar Abuja ta ɗaga shi zuwa 70,000, a Agusta matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa.

Alƙaluma ke nan. A cikin gida abin da ya faru shi ne ma'auni ya yi ta ƙanƙancewa. Mai sayen buhu ya koma rabin buhu, ya koma tiya goma ranar Talata, ya koma tiya ɗaya da safe. Mai tiya ya koma gwangwani. Tsaya a shagon unguwa da hantsi ka ga yadda ake ciniki yanzu. Yarinya ta zo da naira ɗari biyar a dunƙule a hannu, ta karanto saƙon da aka haddasa mata: mai na ɗari biyu, magi na hamsin, gishiri, barkono, in canji ya saura omo. Mai shago ya ɗauko man da ya riga ya ƙulla a 'yan ledoji tun dare, ya ƙirga dunƙulen magi ɗai-ɗai. In kuɗin bai kai ba ya jawo littafi ya rubuta a shafin gidansu. Shafin malamin makaranta ya fi na kowa tsawo, don shi an san ranar da kuɗinsa ke shigowa. Ranar da alat ya shigo, mai shago da mai hatsi da mai itace sun riga shi sani, kafin la'asar albashin ya koma inda aka ci shi tun makon jiya. Wannan shi ne lissafin wata na yanzu: biyan abin da aka riga aka cinye.

Kuma sayen ƙulli-ƙulli ya fi sayen galan tsada. Wanda ya iya sayen buhu da kaka ya ajiye, ya ci hatsi a farashin Nuwamba har Agusta. Wanda ba shi da hali ya saye shi a farashin kowace safiya. Talaka ya fi mai kuɗi sayen abinci da tsada, kuma bai jahilci haka ba, jarin da zai fita daga ciki ne babu.

Nauyin lissafin nan a kan mata ya faɗa. Maigida ya ajiye abin da ya samu a bakin tabarma zai fita, uwargida ta duba ta ce, "Malam, wagga dubu mi za ta yi muna? Niƙa kaɗai ta ci rabi." Ya ce, "A yi haƙuri a lallaɓa, Allah shi hore." Ya fita, ita ta saura da yara da tukunya. Daga nan dabara ke farawa. Awara ta maye gurbin nama. Garin kwaki, wanda a da ake yi wa kallon abincin 'yan makarantar kwana, ya shiga kwanon iyali da ƙuli-ƙuli da albasa. Da damina tafasa da zogale da rama su riƙe rana. An koma sayen afafata, tarkacen shinkafar da injin ke fitarwa, wadda a da kifi da kaji ake ba. Wasu matan sun sake ɗauko turmi saboda injin niƙa da mai yake aiki. Girki uku ya koma biyu, a jinkirta na safe har ya haɗe da na rana. Yawancin abin da ke cike giɓin daga sana'ar cikin gida yake fitowa, ƙosai ko ɗanwake ko fura ko hoce, da yarinyar da aka ɗora wa talla a lokacin da ya kamata tana aji. Inda dabara ta ƙare, ana ganin sakamakon a ɗakin yara masu tamowa na asibitin Mafara, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimakawa.

A 2025 farashin hatsi ya sauko, ya kuma sauko sosai. Tun Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ba da damar shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, ba tare da haraji ba na kwana 150, damina kuma ta yi kyau a wurare da dama. Masara a kasuwanni da yawa ta faɗi zuwa rabin kuɗinta ko ƙasa da haka. Ma'aikaci ya yi ajiyar zuciya, wasu har sun sake sayen buhu bayan shekaru. Amma taki bai sauko ba. Buhun da aka taɓa sayarwa naira 5,500 a shirin takin gwamnatin Buhari na 2017 ya ninka sau da yawa, har ya kai buhun masara ba ya sayen buhun taki. Man da injin ban ruwa ke sha bai sauko sosai ba, abin da ake kai wa daji ma bai sauko ba.

A Kano ko Abuja mai saye daban ne, manomi daban, ɗaya na murna ɗaya na kuka. A Mafara da Bakura da Maradun gida ɗaya ne, sau da yawa ma mutum ɗaya ne. Malamin da ya ji daɗin arhar tiya ranar Talata shi ne zai zauna da ƙanensa da dare su buga lissafin gonar gado, su ga abin da aka zuba mata ya fi abin da ta bayar. Manoma da yawa sun riga sun yanke shawara: sun rage masara da shinkafa masu cin taki, sun koma gero da dawa da waken suya, wasu sun rage faɗin abin da suke nomawa zuwa iya na bakin gida. Masu ɗan hali a cikin gari, da suka ga haka, sun fara sayen buhu biyu-uku tun da kaka suna turawa ƙarƙashin gado, ba a rumbu ba, inda ba mai gani.